Kafar Bayan Gidan Inna Kulu

Inna Kulu ta zo garinmu a daminar 2019, a bayan wata motar albasa, ita da 'yarta Rahama da ƙullin kaya guda. Daga wani ƙauye take a yankin Giyawa, inda ta yi shekara talatin a gidan mijinta Mainasara, manomin gero da albasa. 'Yan bindiga sun shiga ƙauyen da hantsi. A gona suka harbe Mainasara, hauyarsa na hannunsa. Ɗanta Sa'adu yana cikin gida a lokacin. Gidan ƙofa ɗaya gare shi, katangar kuma ta fi ƙarfin tsallakewa. Ya nufi zaure, suka yi kiciɓis da shi, suka yanka shi tana kallo. Ita da Rahama sun tsira ne don hankalin maharan ya koma kan shanu. Sau ɗaya ta taɓa ba ni wannan labari, tana tankaɗe, ba ta ɗaga kai ba har ta gama.

Garinmu yana tsakanin Rabah da Goronyo. Wani ɗan'uwan mijinta ya ba ta gidan ƙasa a ƙarshen gari, ɗaki biyu da tsakar gida mai bishiyar darbejiya. Bayan katangar akwai gonar gero, gaba da gonar kuma magudanar ruwan noman rani. Da Rahama ta yi aure a Wurno, Inna Kulu ta zauna ita kaɗai. Wata malamar firamare ce ta fara kai mata yaro ta riƙe mata zuwa azahar. Daga nan ma'aikatan asibiti suka biyo, sai matan da ke zuwa dashen albasa a fadama. Kafin shekara ta kewayo yara bakwai take raino. Matata Adawiyya tana koyarwa, ni kuma ina aikin ofis, don haka ranar da 'yarmu Rumaisa ta cika wata goma sha huɗu muka kai ta can.

Ta iya raino. Tana sanin yaron da zazzaɓi zai kama tun kafin jikinsa ya yi zafi. Ba ta duka, amma harararta kan zaunar da ɗan shekara biyar. Kowane yaro da ƙoƙonsa na kunu, ba ta taɓa haɗa su ba.

Abin da ta fara yi da ta tare a gidan shi ne fasa katangar baya. A ƙasa ta fasa, daidai inda yaro zai wuce da rarrafe, babba kuma da jan ciki. Daga baya na auna wurin: tsawo santimita hamsin da biyar, faɗi sittin. Tana rufe shi da tsohon murfin duro, ta jingina turmi. Ta koya wa yaran wani wasa da take kira wasan zomaye. In ta buga kwano sau uku, kowa ya saki abin da ke hannunsa ya nufi kafar, ba magana. Babba ke fara wucewa don ya karɓi ƙanana ta waje, ƙarami ne na ƙarshe, ita kuma ta biyo da jariri a goye. Su kwanta a gindin gero har ta ce su tashi. Wanda ya fi yin shiru shi ke samun ƙuli-ƙuli. Rumaisa takan dawo gida ta shige ƙarƙashin kujera ta ce mana ita zomo ce.

A farkon 2023 aka ɓullo da rajistar gidajen raino a yankinmu. Duk matar da ke riƙe yaran mutane fiye da uku a gidanta sai an duba gidan an ba ta lasisi, wadda ba ta samu ba kuma za a rufe nata. Ni aka ba wa dubawar. Sunana Sirajo, na karanta aikin walwalar jama'a a jami'a, kuma na yi murna da tsarin. Takardar dubawar tana da sharuɗɗa ashirin da biyu: randa da murfi, masai da marfi, murhu nesa da wurin wasa, katin rigakafin kowane yaro, da sauransu. Na goma sha ɗaya ya ce katanga ta zama a rufe ta kowane ɓangare, ƙofar shiga ɗaya, mai sakata. Akwai dalilinsa. A shekarar da ta gabata wani yaro ɗan shekara biyu ya fita ta ɓarakar danga a wani gidan raino, aka tsamo gawarsa a magudanar ruwa. Na je ta'aziyyar. Na ga uwar.

Na je duba gidan Inna Kulu ranar wata Laraba, cikin watan Yuli.

"A'aha, dubagari ya iso," in ji ta. "Ku ɓoye tukwane, yara. Baban Rumaisa, yau da takarda aka gaishe ni?"

"Aiki na, Inna. Ina kwana?"

"Lahiya lau. Shiga ka leƙa masai, ko ka samu abin rubutawa."

Ta cika sharaɗi ashirin da ɗaya. Randarta ta fi ta gidana tsabta. Da na zo katangar baya na janye turmin, na ɗaga murfin duron, na durƙusa na auna. Ta waje ana hango koren gero.

"Inna, wagga kahwa sai an toshe ta."

"Don mi?"

Na karanta mata sharaɗin, na ba ta labarin yaron da ya faɗa ruwa.

"Naj ji labarin, Allah shi jiƙan shi," ta ce. "Amma waccan danga ta, ba mai lura. Wagga turmi na bisa gare ta. Kai da kanka sai da ka yi nishi kahin ka janye shi."

"Takarda ba ta san turmi ba, Inna. Cewa tay yi a ruhe."

"Wanda yar rubuta ta, ya taɓa jin babura hamsin sun shigo gari?"

"Shekara uku ba su taɓa garin ga ba. Ga sojoji can bakin hanya."

"Mu ma shekara talatin ba su taɓa namu ba."

Na gaya mata gaskiya: in ban sa hannu ba za a rufe gidan a ƙarshen wata, iyaye su kwashe yaransu. Ta dubi yaran a gindin darbejiya. Ba ta da gona, ba ta da kowa a garin sai su. Ta ce to a toshe da laka, yadda za ta iya turewa da ƙafa. Na ce laka yara za su ƙwaƙule ta. Ni na kawo bulo huɗu da siminti a bayan babur ɗina, Abu magini ya yi aikin cikin awa guda. Na sa hannu. Ta karɓi lasisin ta sa a leda, ta rataye a zaure kamar yadda aka ce.

Ta fara koya wa yaran sabon wasa: in an buga kwano, a shige ɗaki a kwanta ƙarƙashin gado. Sati uku suka samu suna koyonsa. Tsohon wasan kuwa shekara biyu suka yi suna yi.

Abin da ya faru ranar goma sha bakwai ga Agusta na tattara shi daga bakin mutum uku: Inna Kulu, da Surayya mai shekara shida wadda ita ce babba a cikin yaran, da wata maƙwabciya da ta ɓuya a rumbu tana gani ta tsaga. Ni ina Goronyo wurin duba wani gida.

Ƙarfe goma sha ɗaya saura na safe 'yan bindiga suka shigo, ranar kasuwa, maza duk sun fita. Ta gabas suka ɓullo, ta cikin gonaki, ba ta hanyar da sojoji suke ba. Harbin farko a bakin masallacin unguwa aka yi shi, ya sami ladan yana gyara tabarmi. Suka cinna wa shaguna biyu wuta. Wani mai jaki ya taho da itace, suka harbe shi suka harbe jakin. Daga nan suka rarrabu suna bin gida gida, suna fito da mata da awaki.

Inna Kulu ba ta buga kwano ba, ba ta samu zarafi ba. Ta zura sakatar zaure, ta juyo tana cewa, "Ɗaki! Ɗaki!" Ba yaro ko ɗaya a gindin bishiya, ɗakin ma babu kowa. Duk shida suna katangar baya, sun jeru yadda ta koya masu, Surayya a gaba, Rumaisa a ƙarshe. Surayya tana tura bulo da tafin hannu. Ba wanda ya yi kuka, don wasan ya hana.

Ana dukan ƙofar zaure a lokacin. Inna Kulu ta duba ɗakin, ta ga in suka shiga can babu mafita. Ta ɗauki taɓarya. Jaririya Mashkura na goye a bayanta. Ba bulon ta daka ba, ƙasar da ke gefensa ta daka, wadda ruwan daren jiya ya jiƙa. Maƙwabciyar ta ce ta ƙirga duka goma sha huɗu kafin haske ya fito. Ta faɗaɗa ramin da hannu har farcenta biyu suka cire. Surayya ta wuce. Mujahid ya wuce. Na uku ya maƙale a kafaɗa, ta tura shi da gwiwa, fatarsa ta sale, bai yi ƙara ba. Ta kwance Mashkura ta miƙa wa Surayya ta ramin. Na huɗu ta wuce, na biyar yana cikin wucewa ƙofar zaure ta ɓalle.

Su biyu suka shigo, ɗaya da bindiga, ɗaya da adda. Inna Kulu ta zauna ta toshe ramin da bayanta, ta jawo Rumaisa ta cusa ta ƙarƙashin zaninta.

"Tsohuwa, ina matan gidan ga?" in ji mai bindigar.

"Ni ɗai ta. Ga akuya can, ku ɗauka."

"Waɗanga takalman yara fa? Ɗiyan ma'aikata na, mun sani. Tashi nan."

"Ba ni iya tashi. Ƙahwata ta riƙe."

Ya buga mata gindin bindiga a baki, haƙoranta uku suka zube. Ba ta motsa ba. Mai addar ya kama hannunta na hagu zai fizge ta, ta cije shi, ya sare hannun a ƙasan gwiwa, ya ƙara sara. Ta ce ba ta ji zafi ba a lokacin, abin da take ji kawai motsin Rumaisa ne a jikin cinyarta, tana neman ramin, don ta san layi ya zo kanta. Da hannun dama Inna Kulu ta shiga tura ta ta bayanta, a hankali, don kada su gani.

Sai harbin 'yan sa-kai ya tashi daga bakin kasuwa. Maharan suka ja da baya. Mai bindigar ya kai bakin zaure, ya juyo, ya saki harsashi a tsakar gidan ba tare da ya saita komai ba. Daga baya na ƙirga rami tara a jikin katangar. Harsashi ɗaya ya sami Inna Kulu a cinya. Ɗaya ya sami Rumaisa a baya, kanta da kafaɗunta sun riga sun fita cikin gero. Surayya ce ke riƙe da hannayenta tana ja. Ta jawo ta har gindin gero, ta kwanta kusa da ita, ta rufe mata baki kamar yadda ake yi wa ƙanana. Sun fi awa biyu a kwance kafin aka same su. Shekarar Rumaisa uku da wata biyu.

Mutum goma sha tara muka binne da la'asar. An tafi da mata goma sha ɗaya. Yara shida na gidan Inna Kulu sun koma hannun iyayensu.

An yanke wa Inna Kulu hannun a asibiti a Sakkwato. Da aka sallame ta Rahama ta ɗauke ta zuwa Wurno, can take zaune yanzu, tana tsince wake da hannu ɗaya a ƙofar ɗaki. Ta daina raino. Ta ce wadda ba ta iya goya yaro ta ɗauki wani a hannu ba ta isa a bar mata ɗan kowa ba. Sai bayan wata huɗu na iya zuwa gaishe ta. Na shirya maganar da zan yi tun daga gida, ba ta bar ni na fara ba. Ta yi mani ta'aziyya kamar yadda ake yi, ta tambayi Adawiyya, sannan ta ce:

"Baban Rumaisa, gida nawa ka sa anka toshe bayan nawa?"

"Huɗu, Inna."

"To mi kaka yi nan? Tashi ka tahi ka buɗe su."

Na rubuta wa ofishinmu rahoto mai shafi shida, na nemi a gyara sharaɗi na goma sha ɗaya ya yarda da mafita ta biyu mai murfi mai nauyi. An karɓa, an ce ana dubawa. Ban jira ba. Na ɗauki Abu magini muka bi gidajen, muka fasa uku, muka sa wa kowanne murfin ƙarfe. Ta huɗun, wata mai suna Firdausi a wajen Kagara, ta ƙi. Magudanar ruwa taku goma ce daga katangarta, yaranta kuma duk ba su kai shekara uku ba. Ta ce ruwan kullum yana nan, 'yan bindiga kuwa sai ranar da suka zo, kuma in aka ƙwace mata lasisi ba ni zan ciyar da ita ba. Na je sau uku. Ban iya ce mata ta yi kuskure ba.

Inna Kulu ta ce in kai ta ta ga gidan Firdausi da idonta, ko akwai wani ɓangaren katangar da bai fuskanci ruwa ba. Cinyarta ba ta jure zaman babur tukuna. Mun yi da Rahama cewa in an cire albasa, motoci suka fara bin hanyar, zan samo mata wuri a gaba.