Gwiwar Baba a Gangaren Gaji

Ranar Asabar ce cikin hutun Ista na shekarar 1983, wajen la'asar, motar ma'aikatan masaƙa ta tsaya cak a kan wani gangare a dajin Yankari, hancinta na kallon kogin Gaji. A ƙasan gangaren, nisan da bai wuce jifan yaro ba, giwaye ne suka cika hanya, manya da 'ya'yansu. Ina da shekara goma, ina zaune a kan murfin inji kusa da direba, direban kuwa mahaifina ne. Jagoran da aka haɗa mu da shi a ƙofar daji, wani dogon mutum mai kaki da tsohuwar bindiga, ya sunkuyo ya ce ƙasa-ƙasa, "Malam direba, kashe injin." Duk wanda ke cikin motar nan ya san abin da kashe injin yake nufi, ban da shi mai maganar.

Baba direban wata masaƙa ne a Sharaɗa da ke Kano, shi ke kwaso ma'aikata da safe ya mayar da su in an busa jiniya. Motar kuwa ma'aikata sun raɗa mata suna Sai-da-Turi, kuma ba ƙage suka yi mata ba. Kik ɗin da ke tayar da injinta ya mutu tun kafin in shiga firamare, burkin hannu ado ne kawai, giya ma ba ta riƙe ta a gangare. Don haka kullum da yamma Baba kan ajiye ta a wani ɗan tudu a ƙofar gidan hayarmu, ni kuma in ruga in sa mata dutse a taya. Dutsen rabin dutsen niƙan Inna ne da ya fashe, kuma babu yaron da ya isa ya taɓa mini shi. Bayan asuba sai in janye, Baba ya saki burki, motar ta gangara wajen kwatar da ruwan rini ke bi, yau shuɗi gobe ja, ta yi tari biyu ta tashi. Ranar da ta ƙi, sai mazan gidan su fito da asawaki a baki su tura. Tsakanin la'asar da magariba kuma tamu ce mu yara. A cikinta muke 'yar carafke, a bayanta muke ɓuya in Inna ta fara kiran wanke-wanke. Baba ya kai ƙorafin gyara ofis har ya gaji, kullum amsar ɗaya ce, ana jiran kaya daga Legas.

Tafiyar Yankari dabarar Mista Bulus ce, mutumin Kafanchan, sakataren ƙungiyar ma'aikata, wanda ya ce mutum ba zai ƙare rayuwarsa yana kallon zare ba. Inna ta ƙi zuwa. "Mutum da ƙafarsa ya kai kansa gidan namun daji?" in ji ta, ta kuma ce ni ma ba inda za ni. Baba ya ce, "To wa zai sa dutse? Uwata ce mai dutse." Uwata yake ce mini saboda sunan mahaifiyarsa na ci. Haka na samu wuri, na rungume dutsena tun daga Kano, ina jin kaina kamar wata ƙaramar manaja. A ƙofar daji aka gaya mana doka: babu mai sauka, babu hayaniya. Aka tambayi Baba ko motar lafiyarta ƙalau. Ya ce ƙalau. Na dube shi, shi kuma ya dubi sama.

Mun ga gwaggon biri, mun ga gwanki, mun ga mugun dawa yana gudu da wutsiya a miƙe har mata suka sha dariya. Sai ga mu a gangaren nan. Baba bai kashe injin nan take ba, kuma ƙararsa ta sa wata uwar giwa ta juyo tana kaɗa kunnuwa. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, in na kashe, ƙafata ce kaɗai za ta riƙe ta." Jagoran ya yi masa kallon da ban taɓa ganin an yi wa mahaifina ba, sannan ya ce, "Kashe dai." Aka kashe. Ni kuwa bisa sabo na sunkuya na ɗauki dutsena na nufi ƙofa, sai na ji jagoran ya riƙe mini wuyan hannu. "Yarinya, ko yatsanki kada ya fita."

Zafin bazara ya cika motar, ba mai iya ko fifita. Wani jariri ya soma ƙananan kuka, uwarsa ta yi maza ta ba shi nono. Mista Bulus leɓunansa na motsi, dattijon da ke kusa da shi yana jan carbi, su biyun sun riƙe ƙarfe ɗaya. Giwayen kuma ba su da niyyar tafiya, 'ya'yan suna wasa a tsakiyar hanya, manyan suna karya rassa a natse. Kowa idonsa na waje, ni nawa yana ƙasa, domin na san burkin nan, in ba a take shi da ƙarfi ba sulalewa yake yi. Kuma Baba tun asuba yake tuƙi. Na ga ƙafarsa ta dama ta fara rawa. Ya ɗora ta hagu a kanta, rawar ba ta daina ba. Can sai na ji tsakuwa ta yi ƙara a ƙarƙashin taya, motar ta ɗan matsa kamar taki ɗaya. Uwar giwar ta ɗaga hanci, ta fara hawowa.

Baba bai juyo ba, ya ce, "Uwata, danne mini gwiwa."

Na zame ƙasa na durƙusa tsakanin kujerarsa da murfin inji. Na danna da hannu biyu, ban ji ya isa ba, sai na kwantar da ƙirjina a kan gwiwar na saki duk nauyina. Rawar ƙafarsa tana shiga haƙarƙarina, wandonsa ya jiƙe sharkaf, yana warin baƙin mai da gumi. Tsoro nake ji, amma gaskiya haushinsa ya fi yawa. Ina ta cewa a raina, da ka faɗi gaskiya a ƙofa da yanzu muna cikin motar hukumar dajin kamar sauran baƙi. Ina wannan haushi kuma ina ƙara dannawa. Hasken taga ya dushe, na ji wani huci mai nauyi dab da kaina, da wari irin na garken shanu. Daga baya mutane suka yi ta labarin yadda ta tsaya a gefen gilashi, yadda idonta yake ɗan ƙarami da dogon gashi, yadda ta shinshina madubi. Ni abin da na gani a wannan lokaci takalmin Baba ne, da babban yatsansa da ya yi fari don takawa.

Ban san tsawon lokacin ba. Wasu sun ce rabin awa, ni dai har hannuwana suka mutu. Sai na ji jagoran ya ce, "Sun tsallaka ruwa." Baba ya ce in tashi, amma ƙafar ta ƙi ɗaguwa, ta sandare, sai da na kama ta na janye masa. Motar ta gangara, ya saki kuloci, ta yi tari ɗaya, ta yi na biyu, ta tashi. Babu wanda ya yi shewa. Sai matar Mista Bulus da ta sa kuka a hankali.

A Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta dajin, kowa ya faɗa ruwa, Baba kuwa ya zauna a baki ya tsoma ƙafarsa. Ya kira ni, ya ce, "Ni na yi ƙarya, ke kika ɗauki nauyinta." Ban taɓa jin babba ya faɗa wa yaro irin wannan ba, sai na rasa inda zan kai haushina. Ranar da aka koma aiki ya ajiye makulli a teburin manaja, ya ce ba zai sake ɗaukar ran kowa a motar ba sai an gyara. Kayan da aka yi shekaru ana jira daga Legas suka iso cikin mako guda. Aka daina bukatar dutse, kuma abin kunya, sai da na yi kukan rasa aikina.

Yanzu masaƙar ta rufe, jiniya ta yi shiru, kwatar nan ruwanta baƙi ne kawai. Sai-da-Turi 'yan gwangwan sun yanka ta tuntuni. Jikokina suna kallon giwaye a waya, in suka ji na je Yankari sai su tambaye ni yadda idon giwa yake, in ce su tambayi wanda ya gani. Baba ya haura tamanin, gwiwar dama ce ke hana shi barci, kuma ba ya yarda kowa ya shafa mata man kaɗanya sai ni. In na ɗora hannu nakan ji tana 'yar rawa, sai in ƙara dannawa. Ashe har yau ni ce mai dutse.