Wayar da ke ƙarƙashin hulata

Aji uku na yi a firamare, aka ce allo ya gaji da ni. Tun daga nan nake saƙar kwandon gora ina sayar wa masu citta daga Kwoi. Da tsufa ya zo, wani mai cajin waya a bakin tashar jirgi ya zuba mini littattafan da ake karantawa da murya a wayata, duk na kisan kai da 'yan sanda. Matata babba ce a zumuntar mata ta coci, ta ce ba za a saurari zubar da jini a gidanta ba. Sai na sayi abin sauraro na sawa a kunne, na rufe shi da hular sanyi.

Damuwar ita ce bakina ba ya rufuwa. Ina zaune gindin mangwaro, wuƙar fere gora a hannu, sai in ji kaina na ce, "Gawar tana cikin rijiya! Ku duba rijiya!" Maƙwabta suka daina aiko yara ɗiban ruwa. Fasto ya zo ya ɗora mini hannu a ka, a daidai lokacin da mai kisan da ke cikin labarin yake hawa taga. Na yi ihu, "Ga shi nan!" Matan zumunta suka ƙara ƙarfin addu'a.

Ranar Asabar babban ɗana ya iso da mota daga Sabon Tasha, can birni inda yake zaune. Ya ce, "Baba, haɗa kaya. Akwai likitan ƙwaƙwalwa kusa da mu."

Na san ɗakin da zai saka ni, bene ne, babu gora, babu mangwaro, kabarin uwata kuma yana nan bayan gida. Na cire hula, na nuna komai. Na rantse, na roƙa, har na durƙusa wa yaron da na taɓa wanke wa kashi.

Ya sa abin a kunne ya saurara kaɗan, ya ɗauki wani kwando ya juya. Gindi faɗi, baki kamar na tulu. Inda labari ya yi zafi, nan hannuna ya matse saƙa.

"Baba, mai hankali ne ya saƙa wannan?"

"Ɗana, a nan ne aka kusa kama mai kisan."

Matata ta ce, "To ashe ba aljanu ba ne, iskanci ne. Gara aljanun, su ana korarsu."

Suka shiga ɗaki suka yi shawara, ni ina waje kamar akuyar da ake ciniki. Da ya fito ya ce in zaɓa, ko in shiga mota da wayata, ko in zauna ba ita. Saura kashi na ƙarshe na littafin ban ji ba. Na roƙi ko rabin awa, ya ce hanya ba kyau da yamma.

Na miƙa masa wayar. Da ya tada mota na bi shi har titi ina buga gilashi, ina cewa, "In ka ji, ka aiko mini, direban ne ya yi kisan ko ƙanin matar?" Bai sauke gilashin ba.