Ranar da Inna Ta Kira Sunan ’Yarta

Akwai daminar da ba zan taɓa mantawa da ita ba har in koma ga Allah: daminar da sojoji suka kifar da gwamnati a Nijar, aka rufe iyaka. Ni mai gyaran injin ban ruwa ne a Gashuwa. Manoman fadamar Katuzu su ne kasuwata, kuma a da ban ɗauka abin da ake yi a fadar wata ƙasa zai iya shigowa har ɗakina ba.

Matata ’yar wani ƙauye ce a arewacin Machina, can tsallaken iyaka. Na ce tsallake ne don haka ake faɗa, amma kakata da kakarta uwa ɗaya uba ɗaya suke. A tsakiyar gonar surukina akwai wani tsohon turken ƙarfe da Turawa suka kafa tun zamanin kakanni. Geron da ke kudu da shi na Najeriya ne, na arewa kuma na Nijar. Mu dai abin dariya muka mayar da shi, har akuya ake ɗaurewa a jikinsa.

Da cikinta na fari ya tsufa, sai na kai ta goyon ciki gidan iyayenta, kamar yadda kowa ke yi. Ban ji ko ɗar ba, don mutanen ƙauyensu asibitin Nguru suke zuwa, shi ya fi musu kusa. Uwarta, wadda nake kira Inna, mace ce mai tsananin alkunya. Tun da na auri ’yarta ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba, in na shigo gaisuwa ta bayan zana take amsawa. Kuma da yake matata ce ’yarta ta fari, ba ta taɓa kiran sunanta ba. Sai dai ta ce “waccan” ko “’yar nan”. Matata kan yi dariya ta ce, “Ni fa Inna ta manta sunan da aka raɗa mini.”

Ban daɗe da dawowa ba aka yi juyin mulkin. Teburin mai shayi ya koma majalisa. Wannan ya ce gara da aka kori Faransa, ta daɗe tana tatsar mutane. Wancan ya ce sababbin abokan da ake nema ma ba don Allah za su zo ba. Shugabannin yankinmu suka yi fushi, aka rufe iyaka, aka yanke wa Nijar wutar lantarki, har ana maganar yaƙi. Muna ta musu muna kurɓar shayi, kamar masu hirar ƙwallo.

Wata safiya ina kwance wani inji, waya ta yi ƙara. Muryar Inna ce. Kafin ta faɗi komai na ajiye kayan aikina, don na san ba ƙaramin abu zai sa ta hau tudun yashi neman sabis ta kira suruki ba.

“Ɗan nan,” ta ce, “naƙuda ta ƙi. Tun jiya muke fama. Ɗakin shan maganinmu ba wuta, ba magani. Ka zo.”

Na ɗauki shatar wata a-kori-kura, muka bi ta Nguru muka miƙe Machina. A shingen iyaka na hango motar da ta ɗauko matata da iyayenta daga ƙauye, tana tsaye a ɗaya ɓangaren, tazarar da in na yi kira za a ji ni. Sojan da ke can na san shi, na taɓa gyara masa babur. Watannin baya tare na gan shi da sojojinmu suna cin abinci a tire ɗaya, don maƙiyi ɗaya suke bi. Ranar kuwa kowa ya juya bakin bindigarsa yana kallon ɗan’uwansa.

Na roƙi namu, ya ce ba shi da iko. Na ɗaga murya na roƙi nasu. Bai ko iya kallona ba.

“Maigida, wallahi na gane ka,” ya ce. “Umarni ne daga sama. Ko kaza ba za ta ƙetare nan ba. In na bari, ni za a harbe.”

Ban tsane shi ba, har yau. Na ga idonsa ya yi ja.

Motar ta juya da su. Surukina ya kira ni ya ce mu zagaya mu same shi a gona, wajen turken ƙarfe, zai kawo matata a amalanke ta bayan tuddai inda masu sintiri ba sa bi. Tafiyar da mota za ta yi kafin shayi ya huce, shanu suka yi ta tun hantsi har la’asar. Ina tsaye cikin geron da ya kai mini ƙirji, ina jin kamar in haɗiye zuciyata.

Da suka iso, ta riga ta haihu a kan amalanken. Jaririyar mace ce, tana ta tsala kuka cikin zanen Inna. Ita kuwa uwar jini ya ƙi tsayawa, leɓɓanta sun yi fari. Ta buɗe ido ta gan ni, ta yi ɗan murmushi. Muka kwantar da ita a bayan mota, Inna ta ɗora kan ’yarta a cinya. Tsohon ya tsaya riƙe da igiyar shanunsa, ya ce, “Ku je, Allah Ya kai ku. Ni iyakata ke nan.”

Ina gaba kusa da direba, ina ta ce masa ya ƙara wuta. Mun fara hango rufin kwanon Nguru ke nan, sai na ji Inna ta kira sunan matata. Cikakken sunanta na yanka, da ƙarfi, ta sake kira, ta sake kira. Ban waiwaya ba. Direban ma ya gane, shi ma ɗan ƙasar nan ne. Ya sassauta gudu da kansa, ya fara salati.

A Nguru muka binne ta, ubanta bai samu sallarta ba. Bayan wasu watanni aka buɗe iyakar, manya suka gaisa, aka ce ai dama mu ’yan’uwan juna ne. Na ɗauki jaririyar na kai wa kakanta ya gani. A gona na same shi. Ya riƙe ta ya daɗe, sannan ya nuna turken da haɓa.

“Waɗanda suka kafa wannan ba su tambayi ubana ba,” ya ce. “Su ma da faɗa suka fara, suka shirya, suka raba mu. Sun tafi, wasu sun zo, gobe za a kore su a kira wasu. Duk wanda ya zo da abokinsa da maƙiyinsa yake zuwa, sai a ce mu ma mu ɗauka.”

Abin da wannan rana ta koya mini ke nan. Manya suna ɓatawa su shirya, su canza aboki kamar riga, amma abin da ɓacinsu ya ɗauke a gidan talaka shirinsu ba ya mayar da shi. Na daina zama a teburin musu. ’Yar tawa sunan uwarta na sa mata, tana wajen Inna. Ita ce ’yata ta fari, ya kamata in ji kunyar sunan, amma ba na ji. Inna ma kullum tana kiransa, tun daga safe har yamma.