Inuwar Gorar Baba Ɗanjuma

Ku sabbin mataimaka, har gobe ban manta da Asabar ɗin da na kusa rasa muƙamina ba. A wurin lesin ɗinmu na Yelwa, mataimaki ke goge allo da maimaita darasi, ladansa karatu kyauta. Ran nan Malam Garba zai tafi suna Wara, ya ce, "Nasiru, koya musu differentiation na cot x. In na dawo ba su gane ba, na ba wani allon."

Differentiation auna saurin canjin abu ne. Na rubuta amsar da na haddace: −cosec² x. Sai Hassana, wadda tambayoyinta suka fi kifin tafki yawa, ta ɗaga hannu. "Malam ƙarami, wannan alamar ragin daga ina ta fito?"

Wallahi ban sani ba. Gumin da na yi ya isa kwalekwale ya yi yawo a kai. Amma tambayar ta kama ni. Na tuna a alwatika cot x gefen kwance ne a raba da na tsaye, sai inuwa ta faɗo mini a rai.

Na kwashe su zuwa bakin ruwa, na zaro gorar tura kwalekwalen Baba Ɗanjuma na kafa a yashi. Na ce a ɗauki tsawon gorar a matsayin ɗaya, x kuma kusurwar tashin rana, to inuwar ce cot x. Muka riƙa aza dutse a ƙarshenta. Da hantsi tana janyewa da sauri, wajen tsakar rana ta koma rarrafe.

Hassana ta yi tsalle. "Rana na hawa, inuwa na raguwa. Ga ragin nan!"

Daidai nan Baba Ɗanjuma ya iso yana huci. "Kai ɗan nema! Tun safe nake cigiyar gorata, ashe shuka ta ka yi? Jira kake ta yi 'ya'ya?" Gudun da na yi, inuwata ma sai da yamma ta iso gida.

Ran Litinin Malam ya tambayi aji, Hassana ta zana masa gora da rana. Ya miƙo mini alli ya ce, "Allon naka ne."

Abin da na koya: a aikin nan hadda ba ta tsira a gaban mai tambaya. Kuma kafin ku auna inuwa, ku nemi izinin mai gora.