Igiyar Tarun Mamuda a Lambun Tasallah

Mamuda Basarke ya rasu bara da kaka, a garinmu da ke bakin Kwara, kusa da Lolo. Waɗanda suka yi masa salla sun ambaci ƙwarewarsa a ruwa, kuma ba su yi ƙarya ba. Ni kuwa katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, saboda haka abin da zan rubuta da idona na gan shi, ba a kasuwa na tsinto shi ba.

Kamar sauran Sarkawa masunta, a cikin jirgin mahaifinsa ya yi wayo. Tun yana saurayi yake bin kifi har hayin Benin, yana sayarwa da Dandanci a can, ya dawo ya sayar da Hausa a nan. Mutum ne dogo, marar yawan magana, wanda igiya ta cinye masa tafin hannu. Da ya isa aure bai nemi 'yar masunta ba, ya auro Tasallah, 'yar manoma daga Lafagu. An ce ranar da aka kawo ta, cikin kayanta har da wani ɗan gora cike da irin yakuwa da kuɓewa da rama. Kafin damina ta fita ta mai da kangon bayan ɗakinta lambu, ta sa aka kewaye shi da dangar kara.

Tun daga nan zamansu ya ginu a kan tsiya irin ta masoya. In ya leƙa lambun ya ce wani abu, sai ta ce, "Malam, koma ruwa. Basarke mi ya sani ga ƙasa, in ba wurin ɗaure jirgi ba?" Shi kuma ya amsa, "To ki yi miyar da ganye zalla, mu gani ko yara na ci." Haka suka haifi 'ya'ya suka aurar, kifi daga gare shi, ganye daga gare ta.

Tsufa ya fara kama Mamuda ta gwiwa. Da tuƙin jirgi ya gagare shi, ya bar wa ɗan ƙanensa jirgin, amma ya hana kowa tarunsa, wato babbar ragar da ya yi rayuwarsa da ita. Ya naɗe ya rataye a zaure. Ita kuwa Tasallah ta ido tsufan ya zo mata. Babban ɗansu Wakili, mai fataucin albasa a Bagudo, ya kai ta asibiti a Birnin Kebbi, aka ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa. Ta dawo gida tana rarrabe haske da duhu kawai. Duk da haka ba ta bar lambu ba. Da safe takan fito ta ɗora hannu a kan danga, ta bi karan har inda take so, ta tsuguna ta yi cira ko ban ruwa. Dangar nan ita ce idonta, amma babu wanda ya lura da haka, har mijinta.

Sai aka yi shekarar da Kwara ta cika ta shanye gonakin dawa. Gara ta riga ta cinye gindin tsohuwar danga, iska ta kwantar da ita, ga shi babu sabon kara ko na magani a garin. Awakin unguwa suka sami hanya. Rana ɗaya suka yi wa kuɓewar Tasallah aski, ta zauna a bakin kwami, wato fangalin shuka, tana shafa guntayen da suka bari.

Mamuda ya dubi ɓarnar. Ya shiga zaure ya sauko da tarun da ya hana 'ya'yan cikinsa, ya kakkafa itace, ya kewaye lambun da shi. Ya kira ni in gani, yana murna. Aiki ne mai kyau, kuma daga ranar akuya ba ta sake shiga ba. Sai dai ya kafa shi ne yadda hannunsa ya saba. Masunci ba ya ɗaure taru da tauri. Yakan bar masa ciki ya yi sako-sako, domin abin da ya taɓa shi ya sarƙe. Haka ya bar ragar ta kwanta a ƙasa ninki-ninki, kamar yadda ya yi a ruwa tun yana yaro, bai ko yi tunanin akwai wata hanya ba.

Washegari da hantsi Tasallah ta fito da butarta. Ta miƙa hannu inda ta saba jin kara, yatsunta suka wuce ta cikin raga. Ta ƙara taku, ƙafarta ta shiga ninkin, ta yi ƙoƙarin zarewa, ɗayar ma ta shiga. Ƙarar faɗuwarta na ji daga gidana. Da muka iso tana kwance cikin taru, wuyan hannunta na dama ya karye. Mamuda ya durƙusa yana yanka ragar da wuƙa. Tana cikin zafin nan ta ce masa, "Malam, yanka a hankali. Ka daɗe ba ka yi kamu mai girma kamar wanga ba." Babu wanda ya yi dariya.

Aka kira mai ɗori ya ɗaure hannun. Wakili ya iso daga Bagudo, ya zaga lambun, ya dawo ya tsuguna gaban mahaifinsa a zaure, ina wurin.

"Baba, a yi haƙuri da abin da zan ce. Lambun ga shi ƙare hakanan. In hannu ya warke in tafi da Inna gidana. Akwai siminti, akwai famfo, ba abin da za ta taɓa."

"Ka tambaye ta?"

"Baba, yau hannu ne. Gobe in ƙugu ne fa?"

Mamuda ya sunkuyar da kai, domin maganar ɗansa tana da gaskiya. Can ya ce, "Bar ni har a kwance ɗori. Ran nan ka zo ka gani da idonka. In ba ka gamsu ba, ɗauke ta."

Tasallah ta ji komai daga ɗaki. Daga ranar ta daina tsiya. Takan zauna a ƙofar ɗaki, fuskarta na duban bayan gida, a kawo tuwo ta taɓa kaɗan ta ture. Matata ta shiga gaishe ta, ta dawo ta ce mini, "Matar nan in aka raba ta da ƙasar nan, ba ta kai wata damina." Mamuda ma ya san haka.

Ya fara da ragar. Ya yanke duk abin da ya kwanta a ƙasa, ya ja sauran ya ɗame kamar fatar ganga, ya binne bakinsa. Sa'an nan ya zare babbar igiyar da ke saman taru, mai kaurin babban yatsa, ya ɗaura ta a ƙofar ɗakin matarsa daidai tsayin ƙugunta. Ya ja ta bisa turaku zuwa randar ban ruwa, daga nan ta ratsa tsakanin kwamai ta kewayo. A bakin kowane kwami ya rataya ɗaya daga cikin 'yan gorunan da ke sa taru ya yi iyo, wani dogo, wani mai wuya, wani kewayayye, domin hannu ya gane inda ya iso.

Wata safiya na leƙa ta kan katanga na ga abin da ban taɓa gani ba. Dattijon nan ya naɗe idonsa da rawani, ya kama igiya, yana jan ƙafa cikin lambu. Bai yi nisa ba ya yi tuntuɓe da wani tushen zogale ya kife. Ya tashi ya kwance rawani, ya ɗauko gatari ya tumɓuke tushen, ya sake naɗe ido. Haka ya yi ta yi kullum, yana faɗuwa yana gyarawa. Ya cike ramuka, ya kwashe duwatsu, ya sauke wani turke da ya buge shi a haƙarƙari. Labari ya kai majalisa. Arzika mai shayi ya tare shi ya ce, "Mamuda, an ce ka koma wasan ɓuya da tsufanka. Wa kaka nema?" Ya ce, "Hanya nika nema," ya wuce da ƙujewa a goshinsa.

Tasallah tana jin faɗuwar tasa daga ƙofar ɗaki. Ran nan ta ce, "Malam, wai buhun mi aka ta kayarwa bayan gida?" Ita ce tsiyarta ta farko tun da ta karye. Ya ce, "Buhun da kika aura."

Da aka kwance ɗori Wakili ya zo, har da motar haya yana jira a bakin hanya. Mamuda ya kama hannun matarsa ya ɗora a kan igiya, ya ja da baya. Ya ce wa ɗansa, "Kada ka taɓa ta, kada ka yi magana."

Ta tsaya jim tana murza igiyar a tafinta. Sa'an nan ta taka. Tafiya take a hankali, muna bin ta da ido, Wakili ya miƙa hannuwa kamar mai shirin tarar yaro. Ta kai randa ta shafa bakinta. Ta wuce, goran farko ya bugi yatsunta, ta tsaya.

"Wanga na mi ne?"

"Yakuwa," in ji Mamuda.

Ta tsuguna ta laluba, ta tsinki ganye ta murza, ta kai hanci, ta ɗanɗana.

"Rama ce. Wayyo ni Tasallah, na tsufa gidan mutumin da bai san rama da yakuwa ba."

Ta ci gaba ba tare da ta jira amsa ba. Ta kewaye lambun duka, tana tsayawa a kowane gora, tana faɗin inda ciyawa ta yi yawa da inda ruwa bai isa ba. Ta dawo ƙofar ɗakinta da ganye cike da bakin zanenta. Ta juya inda take jin numfashin ɗanta, wanda ba ta kiran sunansa saboda ɗan fari ne, ta ce, "Kai, tsaya ka ci miya kafin ka koma." Wakili ya fita ya sallami mai mota. Da ya dawo idonsa ya yi ja, ya ɗauki fartanya ya shiga kwamin da ta ce ciyawa ta yi yawa.

Mamuda ya rayu damina biyu bayan haka. Kowace safiya shi ke riga ta shiga lambu, ya ja igiya ya ji ko ta saki, ya duba ko gara ta kama turke. Ciwon da ya ɗauke shi bai daɗe ba. Tasallah ta yi takabarta a ɗakinta, kuma da yake lambun cikin gida yake, ba ta fasa shigarsa ba.

Da ta fita takaba Wakili ya sake kawo maganar Bagudo, a hankali wannan karon. Ta ce, "In na tafi, wa za shi bi igiyar ubanka?" Bai ƙara ba. Ya bar ƙanwarsa Husna, wadda mijinta ya rasu, ta dawo gidan ta zauna da ita. Shi kuma duk ranar da ya zo, kafin ya zauna, sai ya zaga ya ja igiyar ya ji ƙarfinta.

Igiyar tana nan. Fara ce da can, yanzu ta yi baƙi ta yi santsi a tsayin hannun Tasallah. Goran da ke bakin kwamin rama ya tsage a bazarar nan, Husna ta so ta canza shi, uwar ta hana. Ta sa aka ɗaure tsagin da zare aka mayar da shi inda Mamuda ya rataye shi.