Neman Hannun Bahago

Asabar da safe: Kano zuwa Bebeji

Ƙarfe biyar da rabi na asuba, ina idar da salla, na turo kekena. Inna na zaune a bakin ƙofar ɗakinta da carbi. Ba ta kiran sunana, don ni ne ɗan fari, sai ta ce, “Kai wannan, in ba ka samu ba, kada ka ƙago mini labari.” Na ce ta sha kuruminta. Malamin elementare da ke koya wa yara taswirar duniya ai ba zai kasa gano kabari ɗaya a ƙasar Kano ba.

Kabarin mahaifina nake nema. Magini ne, sunansa Mamman. Ina shekara uku ya tafi aiki kudu, zazzaɓi ya yi ajalinsa a can. Wani falke ne ya kawo rigarsa da ɗan gatarinsa, ya ce an binne shi gaba da Bebeji, kunya kuma ta hana Inna ƙara tambaya. Shekara talatin ke nan. Bana da yanar ido ta rufe mata gani ta ce tana so ta san garin da yake kwance kafin ta bi shi. Alama ɗaya muke da ita: bahago ne. Shi ya yaɓe ɗakin Inna, kuma sawun yatsunsa a bango ya karkata saɓanin na kowane magini. Tun ina rarrafe nake shafa wannan bango.

Motar kaya mai zuwa Zariya ta ɗauke ni sule biyu, keke sisi. Mun tashi shida da kwata. A bayan gari ’yan doka suka tsayar da mu suka leƙa kaya, direba ya yi musu barka da asuba har sau uku, suka ɗaga mana hannu. Da ya ji abin da ya fito da ni sai ya ce, “Malam, kabari ai ba ya da lamba kamar mota.” Na ce baki shi ke yanka wuya, shi kuma ke nuna hanya. Tara saura kwata ya sauke ni a mararraba, wajen mil talatin daga Kano, na hau keke na ƙarasa.

Bebeji ta burge ni. Ragowar ganuwa na nan, damina ta zaizaye ta amma ba ta durƙusa ba. Soraye masu zankaye a kusurwa huɗu, indararo ya miƙo wuya, an zana dagi a goshin ƙofofi. Na bi lungu-lungu ina ƙura wa bango ido har mata suka fara janye awakinsu, sun zaci mai ƙidayar haraji ne. Wani magini da ke kan tsani ya ji bayanina, ya yi dariya har ya kusa faɗowa. Ya ce yaɓen waje duk shekara ake sake shi, yaɓe talatin ya hau kan wanda nake nema, in hannun tsohon magini nake so in shiga daga ciki. Na ji kunya, ɗan magini guda ban san wannan ba.

Na zaga tsohuwar maƙabartar garin. Kukoki manya, shingen ƙaya, fasassun tukwane a kife, babu suna ko ɗaya. Na yi musu sallama da addu’a, jikina ya ɗan yi sanyi. Da na dawo na sha fura da nono ta kwabo biyu, maginin nan ya ce ya taɓa jin ubansa na zancen wani bahago Bakano da ya wuce Kiru.

Asabar da yamma: Kiru

Sha biyu daidai na kama hanya. Dawa ta fi ni tsawo hagu da dama, a wani rafi kuma keken ne ya hau ni. Ƙarfe biyu da rabi na isa, na sauka a gidan limamin wata unguwa, mutum mai fara’a. Da kansa ya zaga da ni zaure bakwai. Akwai wanda aka ɗaure rufinsa da bakan gizo, wato azara da aka lanƙwaso daga bango zuwa bango aka lulluɓe da ƙasa, ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Na tsaya baki buɗe. Amma duk bangon da na shafa, hannun dama ne.

Mun ci tuwon dawa da miyar ɗanyar kuɓewa. Ba zan ɓoye ba, ina cin tuwon nan raina ke raya mini in koma in ce wa Inna Kiru ce, wa zai ƙaryata ni? Sai maganarta ta asuba ta faɗo mini. Muna wanke hannu yayan liman, tsoho mai ƙarancin magana, ya ce Bahago kwana biyu kawai ya yi a Kiru, wani mai fataucin shanu ya tafi da shi Tudun Wada ya gina masa zaure. Na ce ko Doguwa ce, gobe ina can.

Lahadi: Tudun Wada

Ƙarfe shida na bar Kiru, na fito babbar hanya. Na yi sa’ar motar da za ta ɗauko itace wajen Falgore, sule ɗaya da sisi har da keke. Goma ta ɗan gota muka isa. Wannan karon ban tambayi Mamman ba, don kowane gari na da Mamman goma. Zauren Bahago na tambaya, mai sayar da goro ya nuna mini da haɓa.

Daga waje ba wani abin kallo, gajere ne mai kaurin bango. Ciki kuwa sanyi kamar randa. Bakan gizo huɗu sun taso sun haɗu a tsakiya, an manna farar tasa a mahaɗarsu. Na ɗora tafina a bangon gabas. Tun kafin idona ya saba da duhun wurin, yatsuna suka faɗa cikin sawun da suka sani. Na bi shi ina shafawa, har na zo bangon yamma, daidai kafaɗata, sai sawun ya juya ya koma na dama.

“Nan ya tsaya,” in ji wata murya a bayana. Wani dattijo ne, Baba Ilu, wanda aka kira da aka ji baƙo ya shiga zaure. Ya ce shi ke kwaɓa wa mahaifina ƙasa a lokacin. Wata rana da hantsi mahaifina ya sauko daga tsani ya ce kansa na sara, bai sake hawa ba. Ya riga ya gama rufi, shi Baba Ilu ya ƙarasa yaɓen. “Mai gida ya ce in shafe nasa in daidaita bangon. Na ce sai dai ya nemi wani magini.” Hawaye kawai nake yi, ban kuma ji kunyarsa ba.

Ya kai ni maƙabarta, gabas da gari. Ya nuna tsakanin wata tsamiya da wani suri, ya ce a nan ne, amma ba zai ce ga kabarin ba. Raina ya ɓaci, na ce, “Baba, da hannunka fa ka sa shi.”

“Da hannuna na sa ubana ma, ɗana, ban san nasa ba. Yi musu addu’a gaba ɗaya, tasa za ta same shi.”

Muka durƙusa muka yi. Na ba shi goro, shi kuma ya cusa mini ɗanyar gyaɗa a aljihu ya ce in kai wa Inna.

Komawa gida

Ƙarfe biyu motar itacen ta dawo, na hau saman kaya. Ana kiran magariba na shiga gida. Godiya ta tabbata ga Allah, sannan ga maginin Bebeji, da limamin Kiru da yayansa, da Baba Ilu.

Na zauna gaban Inna na ce Tudun Wada ce. Na gaya mata gaskiya, wurin na gani, kabarin ban gani ba. Na ba ta labarin zauren da inda hannu ya juya. Ta miƙa hannu tana shafa bangon ɗakinta.

“Zauren yana yoyo?”

“Ba ya yoyo, Inna. Damina talatin, ko ɗigo.”

Ta gyara mayafinta. “Alhamdu lillahi. Da ya tafi, cewa ya yi sai ya rufe wa mutane ɗaki zai dawo. Ashe ya rufe.”