Lemo a Kan Teburin Ulysse

Taubashina Ulysse Guidry masunci ne, irin wanda zai kamo jatan lande kwando guda, kafin ya iso gida labari ya mai da shi cikin jirgi. Gidansa tsohon gidan tirela ne, irin wanda ake janyowa da mota, da suka saya, shi da matarsa Eulalie, shekarar aurensu, suka kafe shi a bakin fadama kudu da garin Houma. Kwano ne sakayau, in ka yi atishawa a falo sai labulen uwar ɗaka ya kaɗa.

Duk shekara, da rediyo ya fara zancen guguwa daga teku, sai ɗaurin gida. Maɗauran ƙarfe ake haurarwa ta kan rufi, a ɗame su jikin turakun da aka murɗa cikin ƙasa. In wani gefe ya fi ɗamewa, gida ya karkace. To, Eulalie ce ma'auni. Takan ɗora lemo a kan tebur ta ga inda zai gangara, shi kuwa yana ƙasa kwance cikin laka da sufana.

"Sassauta ta wajen fadama, tsohon kada. So kake miyata ta zube?"

"Ke kika rinjayi gidan, uwargida. Matsa tsakiya."

Haka suka yi ta yi har furfura, iska ba ta taɓa ɗaga musu gida ba.

Bara Eulalie ta rasu. Bana 'yarsu Marceline ta bugo daga Houston, ta ce in dai guguwa ta lalata gidan, Baba ya tattara ya koma wurinta, ba gardama. Ulysse ya san in ya bar gidan nan, ba inda zai ƙara jin motsin matarsa. Sai ya kira ni in tsaya masa a kan lemo.

Na yi aikina tsaf. Na ce, "Ɗame ta wajen titi." Sufana ta yi ƙara kaɗan, ta tsaya.

Can Ulysse ya ce, "Kai Anatole, ka ɗan zage ni mana. Hannuna ba ya tafiya haka."

Na gyara murya na ce masa tsohon kada.

"Bar shi," in ji shi. "Kamar kwaɗo ya haɗiyi cokali."

Muka gama, muka gudu cikin gari kafin guguwa ta iso, lemon na aljihunsa. Da iska ta lafa muka dawo. Rufin maƙwabta na can yana wanka a fadama, amma gidan Ulysse na tsaye daram. Ya shiga ya ɗora lemon a kan tebur. A hankali ya gangara, ya faɗa kan kujerar Eulalie.

Na ce, "Ya ɗan karkace, malam. Miƙo sufanar."

Ya hana. Ya buga wa Marceline ya ce gida lafiya lau, ba inda za shi. Har yau kowace safiya, da kofin gahawarsa a hannu, yakan ɗora lemo, ya zuba ido ya ga inda za shi.